Linzamina A Hannun Ɗalibina

Na daɗe ina karanta wannan mujalla tamu ba tare da na taɓa tofa albarkacin bakina ba, domin a ganina wanda bai kammala littafi ko ɗaya ba bai kamata ya riƙa kutsa kai cikin zancen marubuta ba. To amma akwai wani abu da ya same ni wanda ya hana zuciyata sakat, kuma na lura duk wanda na ba labarin da baki sai ya ɗauka hirar kwamfuta nake yi masa, alhali zancen ya wuce nan. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi a tsanake, ko Allah zai sa wani ya tsinci abin tsinta a ciki.

Ni dai malamin makaranta ne. Hausa nake koyarwa a wata sakandaren gwamnati da ke wani gari mai nisan tafiyar kusan awa 3 daga babban birnin jiharmu. Difloma gare ni a fannin koyarwa, bana kuma shekarata 19 ke nan ina shan ƙurar alli. Ban tashi da kwamfuta ba. Lokacin da muke kwaleji sai dai mu hango ta ta taga a ofishin manya, an lulluɓe ta da ƙyalle kamar amarya. Abin da ya sa na sayi tawa, 'yar ta hannu ta ɗorawa a cinya, da kuɗin adashin da na kwasa, shi ne wani ƙagaggen labari da na fi shekara 10 ina fama da shi a littattafan rubutu, har gara ta fara yi mini ɓarna a babin farko. Na ce gara in mayar da shi inda gara ba ta kaiwa.

Ashe aiki na sayo wa kaina. Harkar jarrabawa ta riga ta koma kan na'ura. Hukumar JAMB ma tun 2015 ta bar takarda da fensir baki ɗaya, rajistar 'yan ajin ƙarshe kuwa sai ta intanet, da hoto da zanen yatsa. Da shugaban makarantarmu ya ga ni kaɗai ne malamin da ke yawo da kwamfuta a jaka, sai ya naɗa ni jami'in jarrabawa, ba don na fi kowa sani ba, sai don rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki.

Ranar da abin ya faru Laraba ce, ana tsakiyar damina. Saura kwana 2 a rufe rajista, ga yara 86 da ba a ɗauki zanen yatsunsu ba, sai 'yar na'urar ɗaukar zanen yatsan ta yi mini tutsu. In na soka ta jikin kwamfuta fitilarta takan kawo, amma kwamfutar sai ta nuna sam ba ta san da zamanta ba. Na cire na mayar ya fi sau shurin masaƙi, na kashe na kunna, har hure ramin na yi da baki kamar mai hura wuta, duk a banza. Wanda bai san karkara ba zai ce ai abu mai sauƙi ne, a biya tarar makara. To amma ni na san yadda iyayen yaran nan suka harhaɗa kuɗin rajistar. Akwai wanda ya sayar da akuya, akwai wadda ta fitar da gyaɗar da ta ajiye don baƙar rana. Da wane baki zan koma in ce su ƙaro? Mai gyara mafi kusa yana birni, hanyar kuwa ruwa ya gama da ita.

Uwargida ce ta tuna mini da wani tsohon ɗalibina da aka ce yana Abuja yana aikin kula da kwamfutocin wani kamfani. Ta aika aka karɓo lambarsa wajen mahaifiyarsa, da yake unguwarmu ɗaya. Na daɗe ina juya takardar a hannu ina jin nauyin bugawa, dalilin nauyin kuwa mai karatu zai ji shi a gaba. Da dai na ga ba sarki sai Allah, bayan sallar isha'i na kira shi. Ya gaishe ni da ladabi, ya saurari bayanina har ƙarshe, sannan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai ba sai ka je birni ba. In akwai data a wayarka, haɗa kwamfutar da ita, daga nan zan shigo in duba."

Na ce, "Ka shigo ina?"

Ya ce, "Cikin kwamfutar, Malam."

Na yi shiru, don na ɗauka shaƙiyanci ne irin na yaran zamani. Amma ya bi da ni daki-daki har na sauke wata 'yar manhaja mai suna AnyDesk. Da na buɗe ta sai ga wata lamba mai alƙaluma 9 ta fito. Ina shirin karanto masa ya tare ni: "Dakata tukuna, Malam. Duk abin da ke buɗe wanda ba ka so in gani, rufe shi. In na ƙwanƙwasa za ka ga ɗan akwati ya fito yana tambayarka ko ka yarda, sai ka yarda zan iya shiga. Kuma duk sa'ad da ka ga abin da bai kwanta maka ba, akwai inda za ka danna ka kore ni, ko ka kashe datar gaba ɗaya." A lokacin ban ɗauki wannan magana da wani nauyi ba, gaggawa kawai nake yi. Na rufe abin da ke buɗe, na karanto lamba, akwatin ya fito, na danna na yarda.

Jama'a, gani ya kori ji. Hannuwana biyu suna bisa gwiwoyina, sai na ga 'yar kibiyar nan ta fuskar kwamfuta ta zabura da kanta, ta gangara ƙasa, ta buɗe wannan ta buɗe wancan. Uwargida da ke leƙe ta bayana ta ja da baya tana cewa, "Malam, wa ke taɓa ta?" Abin nan da ake riƙewa a tafin hannu ana juya kibiyar, wanda yara ke kira maus, masu fassara sun raɗa masa suna linzami. Ban taɓa jin daɗin wannan fassara ba sai a daren nan, don kuwa ga ni zaune daram bisa dokina, amma linzamin yana hannun wani mutum da ke can Abuja.

Mamakin bai yi minti 2 ba ya rikiɗe ya zama fargaba. Na rufe abin da ke buɗe, gaskiya ne, amma jakunkunan ajiyata duk ga su nan a jere a fuskar kwamfutar, kowace da sunanta ɓaro-ɓaro. Ga wasiƙar neman rance da na rubuta wa ƙungiyar malamai lokacin da haihuwa ta zo mana da tangarɗa. Ga hotunan iyalina na cikin gida. Ga kuma, a tsakiya, jakar da na rubuta wa "Littafina", wadda ko uwargida ban taɓa bari ta karanta shafi ɗaya a ciki ba, don akwai wuraren da ni kaina in na karanta sai kunya ta kama ni. Masu iya magana sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To ni a ranar ba cibi kaɗai ba, duk abin da na mallaka a waje yake.

A nan ne zan faɗi dalilin nauyin da na ji. Shekara 13 kafin wannan dare, yaron nan yana ajina, shiru-shiru ne, wurin zamansa jikin taga. Wata rana ina tsakiyar darasi na lura yana rubutu a ƙarƙashin tebur. Na lallaɓa na fizge littafin. Ashe waƙoƙi ne yake rubuta wa wata yarinya ta ajin da ke maƙwabtaka da namu. Maimakon in sa littafin a aljihu in neme shi a ofis, sai na tsaya gaban allo na karanta wa aji, ina lanƙwasa murya ina yatsina fuska. Aji ya kece da dariya, har 'yan wasu azuzuwa suka leƙo. Daga ranar suka laƙaba masa wani suna na tsokana wanda ya bi shi har ya bar makarantar. Ni kuwa na tafi gida ina ganin tarbiyya na yi. Abin da ban taɓa gaya wa kowa ba sai yau shi ne, waƙoƙin nan masu kyau ne. Amsa-amonsu ya zauna, karinsu bai karye ba, kuma ni malamin Hausa na san haka tun ina cikin karantawa.

To yau ga wannan yaro, ga littafina a gabansa, babu abin da ya raba su sai danna linzami sau 2. Na zuba wa kibiyar ido kamar mai kallon maciji a ɗaka. Sau 3 tana bi ta kan jakar, ko sassauta tafiya ba ta yi ba. Shi kuwa ta waya sai bayani yake yi mini: yanzu zan buɗe wuri kaza, Malam, don in ga ko kwamfutar ta ga na'urar; yanzu zan cire abu kaza, ga dalili. Da aka zo inda kwamfutar ta nemi kalmar sirri sai ya ce, "Malam, na ɗage hannuna. Kai za ka rubuta, kada kuma ka faɗe ta da baki."

Ashe matsalar ba ta taka kara ta karya ba. Akwai wata 'yar manhaja da suke kira direba, wadda ita ce tafinta tsakanin kwamfuta da duk na'urar da aka jona mata. Wani sabunta kai da kwamfutar ta yi ne ya sauya tafintan da wani wanda ba ya jin yaren na'urar. Ya cire shi ya ɗora wanda ya dace. Na ɗora babban yatsana, sai ga zanensa ya fito raɗau. Ina cikin yi masa godiya ya ce, "Saura abu ɗaya, Malam. Yanzu kai za ka maimaita ina kallo, don gobe in ta sake ba sai ka nemi kowa ba." Haka ya sakar mini linzami, ina yi yana gyara mini, kamar yadda malamin allo ke kama hannun yaro ya zana baƙi sannan ya sake shi. Da muka gama ya ce, "To kore ni, Malam." Na danna inda ya nuna, kibiya ta tsaya cik. Duka-duka minti 40 ne. Washegari kafin la'asar mun gama da yara 86, ba wanda ya biya ko kwabo.

Bayan ƙura ta lafa na shiga bincike, don malami ba ya son a yi abu a gabansa bai san kansa ba. Ashe abin da na ɗauka sabon siddabaru ne ya girmi duk ɗaliban da ke gabana yau. Tun a 1998 wasu masu bincike a garin Kambirij na Ingila suka saki wata dabara da suka kira VNC, wadda ke ba mutum damar ganin fuskar wata kwamfuta da sarrafa ta daga nesa. A 2001 kamfanin Microsoft ya saka irin wannan hanya a cikin Windows XP, don mutum ya gayyaci wanda zai taimake shi. TeamViewer ta fito daga Jamus a 2005, AnyDesk da muka yi amfani da ita ta biyo baya a 2014, ita ma daga Jamus. A 2016 kuma Microsoft ya zo da Quick Assist a cikin Windows 10, inda mai taimako ke karanto maka wasu alamomi 6 ka shigar. Lokacin kullen korona a 2020, da ma'aikata da yawa suka koma aiki daga gida, da irin waɗannan manhajoji ne masu gyara suka riƙa bin su har ɗaka.

Yadda abin ke aiki ba shi da wuyar fahimta. Kwamfutarka ba ta zuwa ko'ina. Hoton fuskarta kawai ake aika wa mai gyara, shi ma ba duka a kowane lokaci ba, sai ɓangaren da ya canja, don kada a cinye data. Shi kuma duk motsin da ya yi da linzaminsa, da duk harafin da ya danna, sai a aiko wa taka kwamfutar, ta karɓa kamar kai ne ka yi. Lambar nan da na karanto masa kamar lambar gida ce, da ita na'urorin kamfanin da ya yi manhajar ke haɗa ku, ko da kana Sakkwato shi yana Legas. Abin da ke wucewa tsakaninku a ƙulle yake, ta yadda wanda ya tare hanya ba zai gane komai ba. To amma ga inda gizo ke saƙa: ƙullin yana kare ka ne daga ɗan fashin hanya, ba ya kare ka daga baƙon da kai da kanka ka ce wa bismilla. In ka ba shi cikakken izini, duk abin da za ka iya yi kana zaune gaban kwamfutar shi ma zai iya. Zai buɗe, zai karanta, zai kwafa, zai goge.

Da na yi tunani sai na ga mu Hausawa ba baƙin wannan matsala ba ne, don tun kafin zuwan lantarki mun san yadda ake shigar da mai gyara gida. Baƙo iyakarsa zaure. Amma in rijiya ta rufta, ko katanga ta zube, dole a shiga da namiji baligi har tsakar gida. Yaya ake yi? Maigida ne ke nemo shi, ba shi ke kawo kansa ba. A tura yaro ya ce a kimtsa, maza za su shigo. Mai gyara ya yi sallama, ya sunkuyar da kai, ya nufi inda aka nuna masa, maigida na biye da shi. Ba ya leƙa ɗakin kowa ko da labule a ɗage yake. In ya gama a rako shi har waje, kuma ba a ba shi makullin gida ya tafi da shi. Na auna wannan da abin da yaron nan ya yi mini, ban ga mataki ɗaya da ya tsallake ba.

Ban gama sanin darajar haka ba sai bayan wata 4, da irin wannan hanya ta cinye albashin wani abokin aikina, malamin lissafi, dattijo mai iyali da yawa. Wani ne ya kira shi da Hausa tsantsa, ya ambaci cikakken sunansa, ya ce daga banki yake, wai an sami matsala a lambarsa ta BVN, in ba a gyara ba kafin a tashi aiki za a rufe asusunsa. Abin da ya sa dattijon ya saki jiki shi ne mutumin ya ce, "Baba, kada ka gaya mini lambar sirrinka, mu ba ma tambayar wannan. 'Yar manhaja kawai za ka sauke a wayarka don in taimaka maka." Ya sauke, ya karanto lamba, ya danna ya yarda. Aka ce ya shiga asusunsa don a tabbatar, ya shiga. Bai sani ba duk abin da ke fuskar wayarsa ana kallo, har da lambar nan ta amfani sau ɗaya da banki ke aikowa ta saƙo. Kafin magariba saƙonnin cire kuɗi sun jeru. Washegari a ofishin malamai ya ce da ni, "Malam, ba kuɗin ne suka fi ci mini rai ba. Da hannuna na danna na yarda."

Wannan ta'asa ba a kanmu aka fara ta ba. A 2019 Babban Bankin Indiya ya gargaɗi bankunan ƙasar game da yadda 'yan damfara ke sa mutane su sauke irin wannan manhaja a waya don su kwashe musu kuɗi. A Amurka kuwa, rahoton hukumar FBI na 2023 ya nuna mutane sun yi asarar fiye da dala miliyan 900 ta hannun masu damfara da sunan taimakon gyara, mafi yawan kuɗin kuma na dattawa ne 'yan shekara 60 zuwa sama. A can salon da aka fi yi shi ne wani gargaɗin ƙarya ya cika fuskar kwamfuta, wai cuta ta shige ta, a kira lamba kaza. Wanda ya ɗauka sai ya ce daga Microsoft yake, alhali kamfanin ya sha nanata cewa ba ya kiran kowa haka kawai don gyara. Wasu ma sukan baƙanta fuskar kwamfutar don mai ita kada ya ga abin da suke yi, ko su sauya alƙaluman da ke bayyana a shafin bankinsa, su ce sun yi kuskuren aiko masa da kuɗi masu yawa, ya taimaka ya mayar.

Mai karatu zai lura cewa abin da ya ceci yara 86 da abin da ya tsiyata dattijon nan iri ɗaya ne. Laifin ba na manhaja ba ne, kamar yadda ba a kama maƙerin wuƙa don an yi yanka da ita. Kuma ba za a ce mu guje ta ba, don mu mutanen karkara mu ne muka fi kowa bukatarta, tunda masu sani duk suna birni. Abin da ya raba biyun shi ne ladabin shiga gida. Na farko, wa ya nemi wani? Ni na nemi ɗalibina, dattijon kuwa nemansa aka yi. Na biyu, ɗalibina cewa ya yi in dakata, ɗan damfara kuwa cewa ya yi a yi sauri kafin a tashi aiki. Na uku, ɗalibina ya faɗi abin da zai taɓa kafin ya taɓa, ya kuma ɗauke hannu a bakin abin da bai shafe shi ba. Na huɗu, ya nuna mini ƙofar korarsa tun kafin ya shigo. Duk mai taimakon da bai cika waɗannan ba, ko da muryarsa ta fi zuma zaƙi, a bar shi a waje. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, bangon nan kuwa yatsanmu ne ke tsaga shi.

Ga 'yan uwana marubuta ina da ƙarin jan hankali. Da can a akwatin ƙarfe muke ɓoye rubuce-rubucenmu a ƙarƙashin gado, yau kuwa akwatin shi ne kwamfuta da waya, kuma wanda zai buɗe shi ba sai ya taka ƙofar gidanka ba. Kafin ka bari a shigo, ka tabbata kana da kwafin aikinka a wani wuri dabam, ko a filashi ko ka aika wa kanka ta imel. Ka kwashe abubuwan sirri daga fuskar kwamfuta. Kada ka tashi daga wurin ana cikin aiki, kada ka buɗe asusun banki wani yana ciki. In kallo kawai ya ishi mai gyara, manhajojin nan suna ba ka damar hana shi riƙe linzami ko kwasar fayil. Akwai kuma wani tsari na sa kalmar sirri ta dindindin, wanda ke ba mutum damar shiga ko ba ka nan. Wannan shi ne ba da makullin gida, kada ka yi shi don kunya ko don ganin ido. In an gama ba ka da sauran bukata, cire manhajar. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa.

Sai dai duk wannan nasiha ba ita ce ta hana ni barci ba. Abin da ya hana ni barci shi ne kibiyar nan da ta wuce ta kan littafina sau 3 ba ta tsaya ba. Bayan abin da ya sami dattijon na kasa daurewa, na sake kiran yaron. Bayan mun gaisa na ce, "Ka tuna wani littafi da na taɓa ƙwacewa a hannunka a aji?"

Ya yi shiru har na zaci sabis ne ya ɗauke. Can ya ce, "Na tuna, Malam."

Na ce, "Daren nan da ka shigo, ka ga jakar littafina?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Na gani, Malam, ai a tsakiya take. Amma ba ita aka kira ni in gyara ba."

Na nemi gafararsa da baki buɗe, abin da ban taɓa yi wa ɗalibi ba tun da na fara aiki. Ya ce, "Haba Malam, ai kai uba ne, wallahi ya wuce." Har na fara jin sanyi, sai ya ƙara da cewa, "Sai dai tun daga ranar ban sake rubuta ko baiti ɗaya ba." Ba da fushi ya faɗa ba, ya faɗa ne kamar mai gaya maka farashin hatsi a kasuwa, wannan kuwa shi ya fi yi mini ciwo. Ni da nake zama a taron marubuta ina kukan cewa yaran yanzu ba sa son rubutun Hausa, ashe akwai guda da ni na karya masa alƙalami da hannuna. Mukan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. To ga abin da yaro ya gani yana zaune, ni da alli a hannu shekara da shekaru ban gani ba: samun ikon duba abin mutum dabam, samun izininsa dabam.

A daren na buɗe jakar nan da kaina na aika masa da littafin duka, ya zama shi ne mutum na farko da ya karanta shi. Bayan mako 3 ya dawo mini da shi. Ya ce labarin ya riƙe shi, amma babi na 7 ya cika ja, kuma na sa wa wata tsohuwa maganar da tsohuwar ƙauye ba za ta yi ba. Na duba na ga gaskiyarsa, yanzu haka gyaran nake yi. Na tambaye shi ko zai koma rubuta waƙa, ya ce sai dai abin da Allah ya yi. Har ranar da nake wannan rubutu bai aiko da komai ba, ni kuma ban matsa masa ba, don ba ni da bakin matsawa.

A aji kuwa har yanzu ina kama masu rubutu a ƙarƙashin tebur, don yaro yaro ne. Amma yanzu in na kama sai in ce a rufe a sa a jaka, darasi muke yi. In an tashi in ce da mai littafin, in yana so in duba masa, ƙofar ofishina a buɗe take. A zangon da ya wuce yara 2 sun kawo da kansu, ɗaya daga ciki yarinya ce mai hannun rubuta labari. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar abin da muka gani, da kawar da kai daga abin da ba a nuna mana ba, amin.